Benen Kasuwar Doya

"Ki gaya masa ya zaɓa. Ko kes ɗin nan, ko ke."

Alhaji Babandi bai ɗaga murya ba da ya faɗi haka. Yana zaune kan tabarma a ƙofar turakarsa, kwanon fura a gabansa ko murfin bai buɗe ba. Sailuba na durƙushe daga gefe, ko jakar makaranta ba ta sauke ba.

"Baba, me ya yi?"

"Ki tambaye shi. Ai ke mai tambaya ce."

Wannan gaskiya ne. Tun tana ƙarama aka san Sailuba da tambaya. Ita ce ta taɓa kwance rediyon gidan don ta ga inda mai magana yake zaune. Yanzu shekararta ashirin da biyar, tana koyar da kimiyya a wata makarantar 'yan mata a nan Lafia, halin kuwa bai bar ta ba.

Da rani aka yi baikonta da Barista Mahmuda, ɗan garin Kwandere. A Zariya ya yi karatun lauya, sannan ya yi aiki a Jos a wani ofishi da ba su da sana'a sai rigimar kwangila: titin da aka bari rabi, gadar da ruwa ya ci, ginin da mai shi ya ce ba haka aka yi alkawari ba. Da ya dawo gida a 1986 ya buɗe ɗan ofishinsa a titin Jos. Lokacin baikon babu wanda ya kai Alhaji Babandi murna. Shi ɗan kwangilar gini ne, ga shi Allah ya ba shi surukin da ya san yaren takardar kwangila.

Sai ga maganar kasuwar doya.

Ƙungiyar 'yan doya ta ba Alhaji aikin sito da masaukin direbobi. Ya gina sito a ƙasa, masauki a sama. Damina ɗaya ginin ya gani, bangon gabas ya tsage daga ƙasa har dekin, wato kankaren da benen ke zaune a kai. Direbobi suka kwashe tabarminsu suka koma kwana ƙarƙashin mota. Ƙungiya ta ce sai an bi mata haƙƙinta. Lauyan ƙungiyar kuwa, tun kafin a yi zancen baiko, Mahmuda ne.

A safiyar nan ya zo da kansa, ya cire takalmi, ya durƙusa, ya gaya wa Alhaji cewa zai tsaya wa ƙungiya.

Wannan labarin Sailuba ba ta ji shi daga bakin mahaifinta ba. A madafi ta ji, daga bakin Gwaggo Lami, ƙanwar Alhaji, wadda ta zo yini ta ƙi tafiya.

"Yaron da ya ci abincin gidan nan, ya tashi zai tsaya gaban mutane ya ce yayana bai iya gini ba," in ji Gwaggo. "Ina ce tun farko na ce a ba Ashafa. Ga yaro ɗan gida, ga sana'a a hannu."

Inna Rekiya, mahaifiyar Sailuba, tana gefe tana kaɗa miya.

"Inna, me ya sa bangon ya tsage?"

"Ji wata magana," in ji Gwaggo. "Ana zancen aurenki kina zancen bango."

"Ai bangon ne ya taɓa auren, Gwaggo."

Inna ta ɗago ta kalle ta, ta mayar da idonta kan tukunya.

* * *

Da la'asar Ashafa ya zo. Dillalin siminti ne, ɗan abokin Alhaji, kuma ya daɗe yana son Sailuba tun kafin Mahmuda ya dawo daga Jos. Da aka yi baikon ya janye da mutunci. Yau dai ga farar fijo ɗinsa a ƙofar gida, an wanke ta har tayoyi.

Sailuba ta so ta ce ba ta nan. Sai ta tuna daga shagon wa simintin ginin ya fito. Ta yafa gyale ta fita zaure.

Bayan gaisuwa ya gyara zama ya ce, "Na ji abin da ya faru. Wallahi ban ji daɗi ba. Amma ni dai, Malama, inda kika bar ni nan nake."

"Na gode. Alhaji Ashafa, siminti yana lalacewa?"

Ya ɗan yi turus. "Siminti?"

"E. In ya daɗe a ajiye."

"Yana yi mana. In ya sha raɓa sai ya dunƙule, ƙarfinsa ya tafi." Fuskarsa ta saki, ya ga ta nuna sha'awar sana'arsa. "Amma nawa ba ya kwana. Tirela na saukewa ana ɗiba."

"Wanda aka yi ginin kasuwar doya da shi fa?"

"Sabo fil. Baba da kansa ya buɗe buhu ya murza a hannu. Kin san Baba, ba a yi masa ha'inci a kayan aiki. Rodi ma daga Jos ya sa aka kawo, ya ƙi na nan."

"To in siminti lafiya, rodi lafiya, me ke tsaga bango?"

Ashafa ya sosa ƙeya ƙarƙashin hula. "Ni sayarwa nake yi, Malama. Ba na gini." Ya yi 'yar dariya. "Amma in kina son ganin yadda ake sauke kaya, sai in zo in ɗauke ki ranar Asabar."

Ta ce za ta duba. Da ya tafi ta tsaya a zauren tana juya maganar. Mutumin nan ba ƙarya yake yi ba, ta gani a idonsa. Ta so ƙwarai a ce simintin ne, da komai ya zo da sauƙi.

* * *

Washegari da aka tashi makaranta ba ta nufi gida ba. Ta hau ɗan acaɓa zuwa kasuwar doya.

Hembadoon na zaune a rumfar mahaifiyarta tana tsare tarin doya. Tare suka yi firamare, tare suka yi kwalejin malamai, kafin ita ta bar koyarwa ta kama kasuwa. Mahaifinta, Baba Torkula, shi ne ciyaman ɗin ƙungiyar 'yan doya, kuma abokin Alhaji Babandi ne tun suna samari. Shi ya sa ma rigimar ta fi ciwo.

"Sailu, kin zo ganin abin da ya ɓata miki biki?" in ji Hembadoon.

"Na zo ganin bango."

Suka zagaya ta gabas. Sailuba ta daɗe tana kallo. Tsagar ba a miƙe take ba, ta tashi daga kusurwar ƙasa ta yi sama a karkace kamar matakala, tana bin layin bulo. Ta zura yatsa, ya shige har gaɓa ta biyu. Ta ɓantaro ɗan siminti ta murza, ya ƙi murmushewa. Ta sunkuya ta kalli ƙasa. Kusurwar ginin ta ɗan nutse, kamar mutumin da ya ɗauki kaya ya dogara da ƙafa ɗaya.

"Ginin nan nauyi ya yi masa yawa," ta ce, kamar da kanta take.

"Ai da ba haka za a yi shi ba," in ji Hembadoon. "Da farko ɗakin direba ɗin a gefe ne, can inda mota yake fakin yanzu. Babana ya je Makurdi ya ga wani mai sama, ya dawo ya ce a ɗora shi a kai, filin ya rage wa mota."

"Kafin a zuba harsashi ko bayan an zuba?"

"Wane ne harsashi?"

"Fandisho."

Hembadoon ta yi tunani. "Bayan. Bango ma ya kai nan." Ta nuna ƙugunta. Sai kuma ta kama bakinta, ta dubi hagu da dama. "Sailu, ni ban gaya miki komai ba fa. 'Yan ƙungiya sun san babanki ne ya ce ba matsala."

"Babana ya ce haka?"

"Haka babana ya gaya musu."

Sailuba ta dawo gida kanta cike. Ta sami Inna ita kaɗai a ɗaki tana ninke wanki, Gwaggo ta tafi unguwa. Ta rufo ƙofa ta zauna a bakin gado.

"Inna, Baba ya san harsashin ba zai ɗauki bene ba, ko?"

Inna ta ajiye zanen da ke hannunta. "Wa ya gaya miki?"

"Bangon."

Inna ta zauna kusa da ita. Can ta ce, da murya ƙasa-ƙasa, "Ya gaya wa Torkula. A nan zaure ya gaya masa, ina jin su. Torkula ya ce a yi, in wani abu ya faru a wuyansa. Ya roƙe shi da abotarsu. Babanki ya ƙi, ya ƙi, daga baya ya yarda."

"Sun rubuta?"

"Mutanen da suka ci tuwo a kwano ɗaya shekara da shekaru, rubutu na me?"

"To me ya hana Baba ya faɗa? Ai wannan zai wanke shi."

"In ya faɗa, 'yan ƙungiya za su tsige Torkula, su kore shi daga kasuwar da ya kafa da hannunsa. Shi kuma Torkula tilasta masa aka yi ya kai ƙara, kwana yake ba ya barci, matarsa ta gaya mini." Inna ta share ido da bakin zane. "Kuma wanke shi da kike cewa, ina ya wanku? Sai a ce Babandi ya sani ya gina. Wa zai sake ba shi aiki?"

"Shi ya sa yake so Barista ya janye."

"Ya san in wani lauya ne zai yi ta hayaniya a kotu, ba zai gano komai ba. Wannan naki kuwa sai ya tona ƙasa." Inna ta kamo hannunta. "Sailuba, ki rufa mana asiri. Maganar nan ta tsaya a ɗakin nan."

Sailuba ta zare hannunta a hankali ta miƙe.

* * *

Ofishin Mahmuda ɗaki biyu ne a saman wani shagon kayan mota. Ba ta taɓa hawa ita kaɗai ba sai ranar. Ta same shi ya naɗe hannun riga, a kan teburinsa ga ɓarin bulo guda da guntun rodi, an ɗora su kan jarida.

Ya miƙe da sauri. "Sailuba. Lafiya?"

"Ina fa lafiya." Ta zauna. "Baba ya ce ka zaɓa. Ko kes, ko ni."

Ya koma ya zauna a hankali. Ya rame, ta gani, kwana kaɗan ɗin nan.

"Na san zai ce haka."

"To me ya sa ba ka ba wani ba? Lauyoyi sun ƙare a Lafia?"

"Ranar da suka zo na gaya musu 'yar Alhaji zan aura, su nemi wani. Suka ce sun sani, ni suke so. Na kwana ina tunani. In na ƙi, za su ɗauko wanda bai san bambancin lintal da dekin ba, ya kai Baba kotu. Shekara biyar ana ɗage zama, sunansa na yawo a gari, ginin kuma na tsaye. Kin ga ginin?"

"Na gani."

"Mata na zama a gindinsa suna sayar da abinci. Yara na wasa. In ya sake shan damina ɗaya a haka, ban san abin da zai faru ba. Shi ya sa na roƙi ɓangarorin biyu a bar kotu, a kira injiniya mai sulhu. Zai zo daga Jos, a tona, a gani, ya yanke. Lauyan Baba ma ya yarda."

"In aka tona aka ga laifin Baba ne fa?"

"Sai in faɗa."

"A gabansa?"

"A gabansa."

Hawayen da take riƙewa tun daga matakala suka zubo. "Ka san me ake ce mini a gida? Gwaggo ta ce na kawo maƙiyi har cikin ɗaki. Ashafa ya dawo yana fakin a ƙofarmu. 'Yan ajina sun daina tambayata ranar biki, sai dai su kalle ni su sunkuyar da kai. Kai kana nan da bulonka da rodinka."

"Sailuba..."

"Ka bari in gama. Ni ban ce ka yi ƙarya ba. Amma ko sau ɗaya ka tambaye ni kafin ka je ka durƙusa gaban Baba? Aurena ne fa kai ma ka ɗora a teburin nan."

Ya sunkuyar da kai. "Ban tambaye ki ba. Na ji tsoron in kika ce kada in yi, ba zan iya yi ba."

Ta goge fuska da gyale. Maganar ta tsaya mata a rai, ta rasa ko fushi za ta yi ko me.

"Akwai abin da na sani game da ginin," ta ce.

Ya ɗago da sauri, ya ɗaga hannu. "Kada ki faɗa."

"Ba ka san ko mene ne ba."

"Ko mene ne. A gidanku kika ji?"

"Rabi."

"To ki bar shi a gidanku. In na ji daga bakinki, dole in yi aiki da shi, don mutanen nan amanarsu na hannuna. In ya cuci Baba, ke kika cuce shi. In ya taimake shi, a ce surukai sun haɗa baki. Ko ta ina ke za a kalla." Muryarsa ta yi rauni. "Ni zan iya rasa kes. Zan iya rasa ki ma, in Allah ya ƙaddara, ko da yake ban san yadda zan yi ba. Amma ba zan mayar da ke 'yar leƙen asirin gidan ubanki ba."

Ta zuba masa ido. Ta zo ne da tunanin zai roƙe ta ta faɗa, ta shirya ma yadda za ta ja masa rai.

"To ta yaya za ka gano?"

Ya taɓa ɓarin bulon. "Bulo mai kyau ne. Rodi mai kyau ne. Zanen ginin kowa ya ce ya ɓata. Saura ƙasa."

Ta miƙe ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta juyo. "Me zan ce wa Baba ka zaɓa?"

"Ki ce ban zaɓa ba. Ki ce na ƙi."

* * *

Ranar tonon ta faɗo ranar kasuwa. Sailuba ta nemi izini a makaranta, ta shige rumfar su Hembadoon, ta zauna bayan tarin doya inda take ganin kowa ba mai ganinta.

Injiniya Francis, mai sulhun, dattijo ne gajere mai hular kwano. Ya sa leburori suka haƙa rami a kusurwar da ta nutse. 'Yan ƙungiya sun yi cincirindo ta gefe ɗaya. Alhaji Babandi na tsaye da lauyansa cikin babbar riga, Ashafa a bayansa riƙe da lema. Baba Torkula na zaune kan benci, ya dafa sanda, bai kalli kowa ba.

Ba a yi nisa da haƙa ba shebur ya wuce ƙarƙashin kankare. Injiniya ya shiga ramin da kansa, ya auna, ya fito yana kaɗe wando.

"Aikin mai tsabta ne," ya ce. "Kankaren ya haɗu yadda ya kamata. Amma wannan fandisho na gida mai hawa ɗaya ne. Ba a yi shi don bene ba."

Wurin ya ɗauki guna-guni. Mahmuda ya matso.

"Alhaji, da izininka. Lokacin da aka zuba wannan harsashin, an san za a ɗora bene?"

Alhaji ya kalle shi sama da ƙasa. "A'a."

"Wa ya ce a ɗora?"

"Ni na gina."

"Na san kai ka gina, Alhaji. Ɗan kwangila ba ya ƙara wa kansa aiki. Wani ne ya ce a canza. Shi nake tambaya."

"Na ce ni na gina. Ka rubuta haka."

Mahmuda ya juya wajen mutanensa. "Ni lauyan ƙungiya ne, ba na mutum ɗaya ba. In umarnin daga cikinmu ya fito, gara mu ji yau da mu ji a bakin wasu."

Babu wanda ya motsa. Hembadoon ta damƙe hannun Sailuba har ya yi zafi.

Sai Baba Torkula ya dogara sandarsa ya miƙe.

"Babandi, ya isa," ya ce. "Ni ne. Ni na ce a sa shi a sama. Mutumin nan ya gaya mini ƙasan ba zai ɗauka ba. Na ce ya yi. Na zo na gaya muku ya ce ba matsala."

Kasuwar ta rikice. Wasu na zagin ciyaman da yaren Tibi, wasu da Hausa. Ashafa ya yi murmushi ya raɗa wa Alhaji wani abu, alamar an ci nasara. Sailuba ma ta saki numfashi.

Amma Mahmuda bai koma wurinsa ba. Ya jira hayaniya ta lafa.

"Saura tambaya ɗaya, Alhaji. Ka san ba zai ɗauka ba?"

"Na sani."

"Ciyaman ɗan kasuwa ne, bai san gini ba. Kai ka sani. Kuma ka san mutane za su kwana a sama. Kuma ka gina."

Alhaji Babandi ya daɗe yana kallon saurayin, sannan ya tattara rigarsa ya nufi mota. Ashafa ya bi shi da lema a guje.

Sailuba ta kifa kai a kan gwiwa. Ta samu amsar da take nema, duka, ba ragi. Ba ta taɓa sanin amsa na iya yin nauyi haka ba.

* * *

Hukuncin Injiniya Francis bai daɗe ba ya fito. A rushe benen kafin ruwa ya sauka, a gyara siton, a gina masaukin a gefe kamar yadda aka tsara tun farko. Aiki da leburori na kan Alhaji, kayan gini na kan ƙungiya. Baba Torkula ya sauka daga kujerarsa da kansa.

Ba wanda ya gode wa Mahmuda. 'Yan ƙungiya sun so a ɗora wa Alhaji komai, sai suka ce lauya ya sayar da su don mace, suka karɓe aikinsu daga hannunsa. 'Yan kwangilar gari kuma suka ce yaron da ya tsitsiye surukinsa a kasuwa ba wanda zai bari. Ofishin ya koma shiru. Gwaggo Lami kuwa sai ta shigo da labarin mahaifin Ashafa na shirin turo manya.

Hembadoon ce ta tare Sailuba a ƙofar makaranta ta gaya mata. "Barista ɗinki yana haɗa kaya. Ofis ɗin Jos sun ce ya dawo. Gobe da safe zai shiga mota."

Sailuba ta isa gida ba ta san ta ina ta bi ba. Tun ranar kasuwa mahaifinta bai yi mata magana ba, gaisuwa ma da kai yake amsawa. Tana shiga ta ji muryarsa daga ƙofar turaka.

"Sailuba. Zo nan."

Ta durƙusa. Ya dawo daga wurin rusau ke nan, farar ƙurar siminti har a gemunsa.

"Tambaya zan yi miki, kuma ba na son kwana-kwana. Innarki ta ce kin san maganar tun kafin a tona. An kuma ga kin hau ofishinsa. Ke kika gaya masa?"

"Na je zan gaya masa, Baba."

"To."

"Ya hana ni."

Alhaji ya ɗan karkato kai. "Ya hana ki?"

"Ko kalma ɗaya bai bari na faɗa ba. Ya ce in bar ta a gidanmu. Ya ce gara ya rasa kes ɗin, gara ya rasa ni, da ya sa in ci amanarka."

"Haka ya ce?"

"Haka ya ce."

"Alhali bai san ko maganar za ta ba shi nasara ba."

"Bai sani ba."

Alhaji ya shiga murza ƙurar da ke bayan hannunsa. Can ya ce, ba tare da ya kalle ta ba, "Yau da muka fasa dekin ɗin, ginshiƙin kusurwa da kansa ya zube. Guduma ɗaya aka sa masa." Ya numfasa. "A ƙarƙashinsa wata mata mai sayar da shinkafa take zama da 'ya'yanta."

Sailuba ta sunkuyar da kai. Hawaye ne kawai ke bin kuncinta.

"Kukan me kuma?"

"Gobe zai koma Jos, Baba."

Ya ɗago. Ta ga alamar bai ji wannan labarin ba. Ya kalli ƙofar gida, ya kalli ɗakin da Gwaggo Lami ke ciki tana leƙe ta labule.

"Ki aika a gaya masa kada ya hau mota sai ya gan ni."

"Me za ka ce masa, Baba?"

Alhaji ya jawo buta ya fara naɗe hannun riga. A karon farko tun da rigimar ta tashi, ta ga gefen bakinsa ya motsa, amma ta kasa gane ko murmushi ne.

"Ke dai ba kya gajiya da tambaya," ya ce. "Shi zan gaya wa, ba ke ba."